Zakaran da Yake Jiran Kawu

Zuwa ga Kawu Zingani,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da girmamawa. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Esinta da yara. Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki, ya tsare ka daga sanyin birnin Joni da kake yawan kuka da shi. Mu nan Dedza sai godiya. 'Yar'uwarka Mama tana fama da gwiwa, amma ba ta fasa zuwa coci ba. Masara ta yi daidai gwargwado, dankali kuwa ya fi na bara.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na gwada, Kawu. Da ka soma barkwanci sai maganar ta watse mini, in kashe waya ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, na yage, na sake, kuma har yanzu ban tabbata na jera ta daidai ba.

Ƙanena Limbikani ya ji rauni. Motar sojoji ta kife da su a hanyar duwatsu can arewa, ƙafarsa ta karye wuri biyu, yana kwance a asibitin bariki kusa da Mzuzu. Likitoci sun ce za ta ɗoru, amma zai daɗe bai taka ba. Ba ya neman kowa sai Ndaziona, uwar 'ya'yansa. Ya ce tuwon asibiti ko fursuna aka ba sai ya kai ƙara.

Iyalin soja suna da rangwame mai yawa a kuɗin mota, kuma akan ba matar majinyaci ɗaki kusa da asibiti. Don haka na raka Ndaziona ofishinsu a Lilongwe. Wata saja ce ta karɓe mu, mace mai kirki, har kujera ta ba mu. Sunayen yara, Pempho da Tayanjana, ba ta ɓata lokaci a kansu ba. Da aka zo kan uwarsu sai ta tambaya ko auren coci ne ko na gargajiya, in na gargajiya ne su wa suka tsaya a matsayin ankhoswe, wato waliyyan aure. Ndaziona ta sunkuyar da kai. Ni na buɗe baki, na ce yaron nan ya gina ɗaki a ƙauyen surukarsa kamar yadda ake yi, ya noma musu gona, shi ya haƙa kabarin mahaifin Ndaziona. Sajar ta ce ta yarda da ni, don ita ma yayarta haka take zaune, amma soja ba ya lissafa noma. In kawun miji da kawun mata sun yi musayar kaji gaban mai gari, aure ya tabbata, ranar nan za ta sa sunan Ndaziona.

A mota muna dawowa Ndaziona ta yi ta dariya, wai sai a ɗora Pempho da ƙanwarta a bas su je su yi jinyar ubansu, tunda su gwamnati ta sani. Daga dariyar ta koma kuka a cikin zanenta. Matan bakin famfo ma sun samu abin yi, suna tambayarta ko matar soja ce ko maƙwabciyarsa. In ta sayar da akuya za ta biya cikakken kuɗin mota, amma ba ta da wurin kwana a can, kuma a ƙofar asibiti ba ta da sunan da za ta kira kanta. Akwai abin da ya fi wannan da nake tunani, in da abin ya zo da ƙarar kwana, amma hannuna ya ƙi rubuta shi.

Kawu, ba laifi nake ɗora maka ba, kuma wataƙila na wuce gona da iri, don ba 'yar 'yar'uwa ce ke tuna wa kawu aikinsa ba. Na duba littafin da nake rubuta abubuwan yau da kullum, na ga shekarar da ka tafi ka ce a bar musayar kajin sai Kirsimeti. Na san hutu ya yi ta gagara, mu ma da muka ga suna zaman lafiya sai muka manta ba a gama ba. Mama ta kawo shawarar ƙanen Baba ya tsaya, amma dattijo Kamwendo, kawun Ndaziona, ya ce shi bai taɓa jin an miƙa wa dangin uba kaza ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ko kai, ko wanda ka naɗa da bakinka. Kazarsa tana nan, ya ce, kodayake jikar ta farko ce.

Na yi magana da mai gari. Ya yarda ka naɗa wakili ta waya, muddin ya ji muryarka gaban shaidu. Ɗan'uwanka Lufeyo ya ce zai tsaya in ka ce masa tsaya. Ban yanke komai ba, naka ne.

Jan zakaran da ka saya da hannunka don musayar kafin ka tafi yana nan a wurina. Mama ta sha nufarsa da wuƙa in baƙi sun zo, ina hanawa. Ya tsufa, carar ma sai ya huta a tsakiya. Limbikani ya ce ya kamata a ba shi igiya, don ya fi wasu a rundunarsu daɗewa a bakin aiki.

Ka gaishe mini da Inna Esinta, da Yamikani da Dalitso. Mama da Lufeyo suna gaishe ka. Ndaziona ta ce in gaishe ka, sannan ta ce ba ta san ko tana da izinin kiran ka kawu ba.

Asabar ta ƙarshen wata za mu kasance a ƙofar mai gari tun safe. Zan cika wayata da caji, in kife zakaran da kwando.

Taka 'yar,
Mwandida