Guzurin Baba Bai Kai Kwanar Dangora Ba

Zuwa ga Yayata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Amiru da yara, musamman jaririn da aka yi wa Baba takwara da shi. Allah Ya raya shi, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Mu nan Kura alhamdulillahi, an fara yankan alkama, Usaini kullum yana bakin kanal wajen tumatir, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi. Na ba Hammadu direban motar tumatir takardar ya kawo miki Ibadan, domin maganar ba ta faɗuwa a waya. Duk sanda kika kira, Baba na zaune kusa da ni yana hararata.

Abin da aka gaya miki, wai zazzaɓi ne ya hana Baba zuwa suna, ba haka ba ne. Yaya, Baba ya kusa rasuwa a hanyar zuwa wurinki. Kin san tun da likita ya ce ciwon suga ne, ni ke dafa masa abinci. Ranar tafiya na haɗa masa guzurin da ni kaina na yaba wa kaina: gurasar alkamar gonarmu, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, gyaɗa, ga karas da kokwamba da Usaini ya ciro da safe, ga zoɓo babu suga a gora. In ban da ƙwan, ban sayi komai a kasuwa ba. Na cika kula taf, abin da zai kai shi Ibadan har ya rage. Na yi ta jaddada masa kada ya taɓa kayan tasha, ya ce ya ji, har yana tsokanata wai na zama uwarsa.

Da la'asar sai ga kira da lambarsa, muryar wata mata tana kuka, wai ga mai wayar nan kwance a wani asibiti a Kaduna bai san inda kansa yake ba. Nan take na aika aka kira Usaini. Muka kama hanya ni da Usaini, muka tarar da matar, Hajara sunanta, ta fasa tafiyarta ta zauna da shi. A bakinta na ji abin da ya faru. Ta ce mota na tashi Baba ya buɗe kula ya ce wa jama'a bismillah. Kin dai san shi, ba irin bismillar nan ta fatar baki yake yi ba, sai da ya miƙa kular layi-layi har kujerar baya. Kafin Kwanar Dangora ta dawo masa wayam, shi ɓarin gurasa kaɗai ya ci!

Sauran labarin ma ya fi ɗaure kai. Mutanen nan kunya ta kama su, sun cinye guzurin dattijo, sai kowa ya tashi ramawa. Duk inda aka tsaya, wannan ya sayo masa rake, wancan lemon kwalba, wata fanke, wani kunun zaƙi. Baba kuwa bai mayar da hannun kowa ba, bai kuma ce musu yana da ciwo ba. Da suka doshi Kaduna ya fara kukan ƙishi, maganarsa na sarƙewa, sai suka ɗauka yunwa ce, suka ƙara ɗura masa lemo. Hajara ta ce ita ta riƙe masa kwalbar da hannunta. Na so in yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa, don duk motar babu wanda ya nufe shi da sharri.

Da ya farfaɗo, kin san abin da ya fara tambaya? Ko wata mai ciki da ke kujerar baya ta samu ƙwai. Nan na fashe da kuka, na ce ya kusa mayar da mu marayu saboda kara. Ya ce shi tun da yake bai taɓa tauna abu ido na kallonsa ba, kuma ba zai ce wa wanda ya miƙo masa alheri ya mayar ba, da tsufansa ba zai fara ba.

Yanzu ya warware, kuma ya kafe sai ya zo ya ga takwaransa da zarar an gama sussukar alkama. Na ce to zan yi kula biyu, babba ta jama'a, ƙarama tasa. Sai ya tambaye ni, in wani ya shiga a Zariya bayan babbar ta ƙare fa? Nan na gane ba a guzurin matsalar take ba. Don haka ni zan rako shi, in zauna gefensa, ƙaramar kula a cinyata, kuma tun a tasha zan gaya wa duk motar cewa Babanmu ba ya shan zaƙi. Ya ce zan kunyata shi a bainar jama'a. Na ce na yarda, ya yi fushi da ni har Ibadan, in dai zai sauka da ƙafarsa.

Inna da Usaini da Saude suna gaishe ki. Ki gaida Malam Amiru da Nafisat, ki shafa mini kan takwara. Ki tanadi shimfiɗar mutum biyu, kuma don Allah tun yanzu ki gaya wa maƙwabtanki kada wanda ya tarbe shi da lemo, domin sai ya sha.

Ƙanwarki,
Fa'iza