Bangon da Mama Ke Fuskanta

Yaya Eusebio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Jamus bai cinye ka ba. Kai kana can kana aiko hotuna, ni aka bari da Mama. Mantuwarta ta yi nisa. Lahadi uku ke nan, da mun shiga babban coci sai ta bar bagadi, wurin da kowa ke fuskanta, ta durƙusa tana fuskantar bangon kudu, inda ko gicciye babu. Mata sai zunɗe. Fada ya ja ni gefe ya ce, "'Yata, akwai gado a gidan tsofaffi na sistoci." Na gaji, Yaya, kunya kuma ta ishe ni. Ga takardar amincewa a kai ta can, ka sa hannu ka maido.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Casilda

Casilda sarkin gaggawa,

Ina gaishe ki, a gaida Mama. Takarda ta iso, ban taɓa ta ba.

Kina jaririya lokacin da Kaka ke kai ni cocin nan. Mukan ratsa farfajiyar itatuwan lemo, mu shiga tsakanin ginshiƙan da na ɗauka itatuwan dabino ne suka zama dutse. Ita ma bangon take fuskanta. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Oho, haka na ga uwata na yi. Rufe min baki."

Ina ɗan shekara ashirin aka ɗauke mu gyaran bangon. Yaɓe ya zubo, sai ga gurbi mai rubutun Larabci, shuɗi da ruwan zinariya. Babban magini ya ce nan ce alƙibla, nan liman ke tsayawa tun cocin yana masallaci. Aka ce mu rufe. Da hannuna na shafe shi, kuma har yau nakan ga shuɗin nan a mafarki.

Mama ba ta san wannan ba. Shekara da shekaru ta danne al'adar uwarta don idon mutane, yanzu ta manta da mutanen ne kawai. Amma ke ke ɗawainiya, in kin ce in sa hannu zan sa.

Allah ya ƙara miki haƙuri.
Yayanki, Eusebio

Yaya,

Gaisuwa. Ka hura wuta da takardar. Jiya na durƙusa kusa da ita. Ban ga komai ba sai farin bango da rana kwance a jikinsa. Mama ta waiwayo ta ce, "Casilda, gyara, kin karkace."

Rabon da ta kira sunana tun Kirsimeti.

Sai ka zo.
Casilda