Harsashin da Ya Tsallake Kan Mahaifina a Gonar Farauta

Khalil Muntaka,
Germantown, Maryland.
3 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Alhaji Munzali Bichi,
Ƙungiyar Maharba 'Yan Arewa ta Maryland da Virginia.

Game da: Abin da ya faru ranar Asabar, 30 ga Nuwamba, da watsi da dokar ƙirga ƙaho

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne ɗan Malam Muntaka, wanda ke yanka wa ƙungiya abin da aka harbo. Ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Da mai gona ya ba mu izinin farauta a 2021, mun sa hannu cewa ba za a harbi namijin barewar nan mai ƙaho rassa-rassa ba sai an ƙirga rassa huɗu a ƙahonsa ɗaya, domin ƙananan su girma garken ya yi kyau. Yau babu mai ƙirgawa. Manyanmu sun ce naman ƙaramin ya fi taushi. Na yi magana a taron Satumba, aka ce ilimin jami'a ke ɗibata.

2. Ranka ya daɗe, wannan doka ba barewa kaɗai take karewa ba. Wanda ya tsaya ƙirga ƙaho dole ya ga abin da zai harba. Wanda ya daina ƙirgawa, motsi kawai yake harbi.

3. Al'adarmu ce da barewa ta faɗi, mai yanka ya ruga da wuƙa ya riske ta da rai. Ba a busa usur, ba a sauke bindiga. Ranar Asabar, da ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe, aka kayar da barewa, mahaifina ya ruga. Saboda sanyi ya ɗora jaket ruwan ƙasa a kan rigar ruwan lemo da doka ta wajabta don a riƙa hango mutum daga nesa. Yana durƙushe cikin ciyawa, Alhaji Auwalu, ɗaya daga cikin manyanmu, ya hango motsi ya harba.

4. Harsashin ya nutse a jikin itacen da ke bayan mahaifina. Na koma na auna: inci tara tsakaninsa da inda kan mahaifina yake. Mista Raymond Chollom, abokin farautarmu, shaida ne, ihunsa ne ya hana harbi na biyu. Abin da aka yanka kuwa, ƙahonsa bai kai yatsana ba.

5. Aka ce Allah ya kiyaye, aka raba nama, aka hau motoci. Allah ya kiyaye, na yarda. Amma tun ranar ko ƙofar mota aka buga da ƙarfi sai na waiwaya ina neman mahaifina, har yau kuma na kasa gaya wa mahaifiyata. An sa wata fita ranar Asabar, 7 ga wata, kuma mahaifina ya ce zai je, don in ba shi babu mai yanka.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba ya dakatar da wannan fita, ya dawo da ƙirga ƙaho a rubuce, ya hana kowa shiga fili sai an busa usur kowa ya sauke bindiga. Idan Juma'a ta yi ban ji amsa ba, zan kai hoton itacen ga mai gona, ko da za mu rasa gonar.

Ina kuma sanar da kai cewa wuƙar mahaifina tana hannuna. Tun jiya yake nemanta. Ban taɓa ɓoye masa komai ba sai wannan, kuma ba zan mayar ba sai na ga takardarka.

Da ladabi da biyayya,
ɗanka,

Khalil Muntaka