Ƙofar da ke Kallon Teburin Mai Shayi

Zuwa ga Mushe Direkta, shugaban cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa da ke unguwarmu ta Zongo, Kwatano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka.

Ni tela ne, kuma tsohon majinyacinku. Na yi lokacin da barci ya ƙaurace mini, na bar ɗinki, ina hira da bango. Da ikon Allah da maganinku na koma kan kekena. Ba tausayi nake nema ba. So nake ka san mai wannan rubutu ya san ɗakin daga ciki.

Na ɗaya. A da ƙofa guda muke shiga da masu hawan jini da masu ciwon suga, ba mai iya cewa ga abin da ya kawo wane. Da aka yi gyara sai aka karrama mu da tamu ƙofar, da allo mai manyan haruffa, har da hoton kan mutum saboda wanda bai yi karatun lakwal ba. Ƙofar kuwa tana kallon teburin mai shayi, inda dillalan shanu ke zama tun asuba har hantsi. Wanda ya zana ginin gwani ne, a Zongo ne dai bai taɓa shan shayi ba.

Na biyu. Ina da aboki ɗan arewa mai fataucin shanu, shi ma majinyacinku ne. Ba zan ambaci sunansa ba, allonku ya isa. Sana'arsa amana ce: makiyaya su damƙa masa garke da baki kawai. Duk ranar da aka ce an gan shi a ƙofar nan, ko maraƙi ba mai sake ba shi. Don haka ya daina zuwa karɓar magani. Maiɗakinsa ta gaya mini barci ya fara guje masa. Na san inda hanyar nan take zuwa, na bi ta.

Na uku. Na karanta takardunku, sun ce komai tare da majinyata ake tsarawa. Ranar buɗe ginin an gayyace mu, an ba mu riguna, mun tafa. Ba wanda ya tambaye mu ina za a sa ƙofa.

Roƙona, ranka ya daɗe, a mayar mana da tsohuwar ƙofa tun a makon nan, abokina ba shi da lokacin jiran taro. Sannan a ba waɗanda suka warke kujera a biro, ofishin da ake yanke shawara, a kuma bar mu mu riƙa tarbar sababbi da Hausa. Mutum ya fi yarda zai tashi idan wanda ya taɓa kwanciya ne ya gaya masa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raba ka da buƙatar wannan ƙofa. In kuwa ƙaddara ta kawo ka, Allah ya sa ba mai shayi a gabanta.

Wassalam.

Naka, wani tela a Zongo.