Gangjeong Irin na Umma

Litinin, 14 ga Oktoba

Kwana tara ke nan Baba bai ci abin kirki ba. Cokali uku na kunu, sai ya datse baki ya juya wa bango fuska. Likitan gidan tsofaffin ya kira ni ofis, ya ce in Juma'ar makon gobe ta zo bai fara ci ba, sai dai a zura masa robar abinci ta hanci, ni kuma zan sa hannu a takardar amincewa.

Robar nan ce kaɗai abin da Baba ya taɓa roƙona a kai. Bara, kafin hankalinsa ya yi nisa, ya ga maƙwabcin gadonsa an ɗaure masa hannuwa don kada ya fizge tasa. Ya riƙo hannun rigata ya ce, "Hye-ok, kar ki bari." Na ce to. Shekara hamsin da uku ina 'yarsa bai taɓa ce min sannu ba, amma ya san kan wa zai ɗora kaya.

Yaya Dong-pil ya kira daga Seoul. "Ki sa hannu kawai, ƙanwata, kar ki wahalar da kanki." Sau biyu ya zo tun da aka kai Baba can.

Kafin in taho na tambayi Baba me yake marmari. Ban sa rai da amsa ba. Sai ya ce, "Kaka ta yi. Uwarku ba ta yi gangjeong ba ne har yanzu?" Alewar guggurun shinkafa yake nufi, wadda Umma take yi duk lokacin kaka. Shekara shida da rasuwar Umma.

Talata, 15 ga Oktoba

Yau kasuwar Yesan take ci. Na kai sabuwar shinkafa wurin mai injin fasa gugguru. Ya yi ihu a toshe kunne, na toshe, amma duk da haka da injin ya yi ƙara kamar bindiga sai da na zabura har jakata ta faɗi. Tsofaffin da ke layi suka yi ta min dariya.

Na sayo gyaɗa, baƙin waken suya, 'ya'yan kabewa, riɗi, citta, kirfa, maɗin shinkafa kwalba biyu. Abin da na tuna ke nan. Na Umma yana da zaƙi, sai ka haɗiye gishiri ya biyo baya, citta kuma ta tsaya a maƙogwaro. Ba ta taɓa rubuta komai ba. In ka tambaye ta nawa ake zubawa, ta ce "daidai."

Laraba, 16 ga Oktoba

Maɗi ya wuce wuta. Abu ya fito kamar tubali, sai da na sa guduma. Na zubar.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Wannan kuma bai isa wuta ba, yana bin hannu yana rushewa. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Umma. Haushi nake ji. Haushin maɗi, haushin Umma da "daidai" ɗinta, haushin mutumin da ban ma tabbata ya san ni ba.

Malama Pyo, mai kula da ɗakinsu, ta turo saƙo: yau cokali biyu.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ya yi! Na ɗiga maɗin a ruwan sanyi, ya dunƙule bai narke ba, na juye komai a kasko da sauri, gishiri yatsa uku, na baza a katakon Umma, na murje, na yanka da zafinsa. Na datse gefen da bai daidaita ba na watsa a kwandon shara, na jera masu kyau a gwangwani kamar na kanti. Ni kaina na san sun yi kyau.

Baba ya ɗauki ɗaya, ya shinshina, ya daɗe yana kallo. Ya ajiye a faranti. "Anjima," ya ce.

Asabar, 19 ga Oktoba

Faranti babu komai! Guda shida na bar masa jiya. Malama Pyo ta ce ita dai ba ta ga lokacin da ya ci ba, amma babu wanda ya shiga. Na fita baranda na kira Yaya. Ya ce, "To, madalla, amma alewa ba abinci ba ce." Na kashe waya.

Na bar takwas.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Takwas ɗin ma sun tafi. Na sake yin wani. Amma me ya sa wuyansa yake ƙara zama siriri?

Litinin, 21 ga Oktoba

Tururuwa ce ta tona asiri. Malama Pyo ta bi layinsu har durowar gadonsa. Goma sha huɗu cif, kowane a naɗe da takarda, an cusa cikin safa. Ko gutsure ɗaya bai yi ba.

Na ɗaga masa murya. Ina jin kunyar rubutawa, amma na yi. Na ce, "Baba, so kake a ɗaure ka kamar wancan mutumin? Kashe ni kake son yi?" Ya dube ni kamar baƙuwar da ta yi kuskuren ɗaki, ya miƙa hannu yana kare safar. "Ki bari, na yara ne. Dong-pil zai je makaranta da su. Ƙaramar kuma tana son mai gyaɗa da yawa."

Ƙaramar ni ce. Ban san ya san ina son mai gyaɗa ba.

An auna shi, ya sake raguwa. Saura kwana huɗu.

Talata, 22 ga Oktoba

Ban je ba. Ban kunna wuta ba. Takardar likita tana kan tebur da biro a gefenta.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na kira Gwaggo Sun-rye, ƙanwar Baba, don in gaya mata zan sa hannu, kada ta ji a bakin wani. Kunnenta ya yi nauyi, duk hirar ihu ce. Na ba ta labarin safa. Sai ta fashe da dariya, har na so in kashe.

"Ke 'yar nan, yankakku kika kai masa? Masu kusurwa huɗu?"

Na ce eh mana, da me zan kai?

"Tabɗi! Kin girma a gidan nan ido a rufe. Yaushe kika taɓa ganin yayana ya sa yankakke a baki? Na farko na teburin da ake ajiye wa kakanni marigaya ne, sai na baƙi, sai naku. Shi gefe-gefe yake ci da ɓarɓashin katako, a kicin, a tsaye. Tun muna yara haka yake, lokacin da shinkafa take da wuyar gani."

Na tsaya da waya a hannu ina lalube a kaina. Gaskiya ne. Ina iya ganin bayansa a ƙofar kicin, yana karkaɗe katako a tafin hannu. Ni a lokacin na ɗauka rowar kansa yake yi, ko kuma bai son zama da mu.

Kwandon shara kuwa tun Litinin aka kwashe.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na yi sabo da safe. Gishiri ya ɗan yi yawa, ban damu ba. Na tattara gefen da ɓarɓashin duka a tsohon kwanon silba, gyaɗa nan, wake can, riɗi a warwatse. Abu ba kyan gani. Na ɗauki katakon ma na tafi da shi a bas, mutane suna kallona.

Na jera yankakkun a gabansa, na ce na yara ne waɗannan. Ya gyaɗa kai. Sannan na ajiye kwanon a gefe kamar na manta da shi, na juya baya ina goge katako.

Na ji ƙarar tauna.

Ban juyo ba. Na yi ta goge katakon da ba shi da datti, hawaye suna zuba a kai. Malama Pyo ta leƙo, na yi mata alama ta koma. Da rana ta barbaɗa sauran a kunu, ya sha rabin kwano.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Likita ya ce rabin kwano ba warkewa ba ne. Na ce na sani. Ya ƙara mana mako ɗaya. Yaya ya ce in ya samu sarari zai zo. To.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Matsalar ita ce katako ɗaya gefensa kaɗan ne, yankakku kuma sun cika min gida, har mai gadin bene ya fara gudu in ya hango ni da gwangwani. Yau sai na yi dabara. Na yanka gefen da faɗi, yatsa uku kowane ɓangare, na farfasa da hannu don ya yi kama da ɓarna.

Baba ya leƙa kwanon, ya ɗago wani babban gutsure yana juyawa. Na ce a raina shi ke nan, zai naɗe a safa.

"Hannunki ɗaya da uwarki," ya ce. "Ita ma haka take yi, gefe ya fi tsakiya yawa. Wai ita ban gane ba."

Ya jefa a baki.

Da zan fita na bi ta ofis, na karɓi takardar da ake cikewa in za a mayar da mutum gida. Ɗakin baya ai babu kowa a ciki, kuma yana kusa da kicin. Karɓa kawai na yi. Ban cike ba tukuna, biro ne ba ya rubutu sosai.