Allura a Bakin Tela

Litinin, 3 ga Maris

Jiya aka sallamo Malama. Likita ya ce shanyewar ɓarin jikin ta zo da sauƙi, mu gode Allah. Mun gode. Magana ta dawo, ƙafa tana ɗan ja, faɗa ma ya dawo, don tun daga bakin ƙofa ta hango ban share falo ba.

Yau da safe na miƙa mata jarida. Tun aurenmu ita ke karantawa, ni ina taka keken ɗinki ina musu da mutanen da ke ciki. Ta riƙe, ta nisantar, ta matso da ita, ta goge tabarau da bakin mayafi. Can ta ce, "Tela, wa ya watsa tururuwa a takardar nan?" Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Matar da ta koya wa rabin unguwar nan karatu. Har da ni, da gemuna.

Alhamis, 6 ga Maris

Asibiti sun turo wata yarinya mai jaka cike da katuna. Na sa mata suna Mai Kati. Ta ce idon lafiya lau, hanyar da ke tsakanin ido da kalma ce ta yanke, sai an sake taka ta. Wai gajerun kalmomi masu tafiya daidai, irin su riga da gida, su ne za su fara dawowa. Dogaye sai an karya su gaɓa-gaɓa.

Malama ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, ni za ki koya wa gaɓa?" Aka ɗaga mata kati. Ta ce "ri," ta tsaya nan kamar wadda ta taka ƙaya.

Da yamma Auta ta yi waya. Ta ce, "Baba, in wata ya ƙare babu ci gaba, zan zo in ɗauke Mama. Nan kusa da mu kullum ake yin horon." Tafiyar yini ce cur zuwa garinsu. Ta ce in biyo su. Ni, in kwana gidan suruki, in riƙa tari a hankali? Na ce mata ko a mafarki.

Talata, 11 ga Maris

Malama ta jefar da katin "taga" ta taga. Aƙalla ta san inda ya dace da shi.

Asabar, 15 ga Maris

Na tuna yadda ta koya mini, a kan wannan teburin yanka, da allin da nake zana yadi. Ta ce kalma riga ce, nemi inda aka ɗinke ta ka farke. Karatu, makaranta, makaranci, duk yadi ɗaya ne, ɗinkin ne ya bambanta. Ranar da na gane haka sai da na yi ta bin allunan shaguna ina farke su kamar taɓaɓɓe.

To yau na yanka kwalin da nake fitar da samfuri, na rubuta gaɓoɓi manya-manya, na jera mata. Tana kamo ta farko, kafin ta kai ta uku ta farkon ta zube. Kamar mai ɗibar ruwa da tafin hannu.

Ni kuma bakina ba ya haƙuri. A gaban kakata na tashi, wadda in tana ba da labari takan tsaya a tsakiyar magana da gangan, mu yara mu ƙarasa da ihu. Wanda ya yi shiru barci yake, a kore shi. Har yau in na ji an bar kalma a rataye sai na ƙarasa ta. Malama na cewa "ma... ka..." na riga na ce "makaranta." Ta harare ni. Amma na ga kafaɗarta ta sauka, ta huta.

Laraba, 19 ga Maris

Gobe Mai Kati za ta gwada Malama da shafin da ta bar mana. Na karanta mata shi da ƙarfi. Na sake. Na sake, da murya irin ta kakata, da hawa da sauka, yadda abu ke zama a kunne. Kunnen Malama kuwa babu abin da ya same shi. Kafin la'asar tana faɗinsa tiryan-tiryan, yatsanta na bin layi. Wani lokaci yatsan yana baya, bakin yana gaba. Na gyara mata saurin yatsan.

Ai taimako ne.

Alhamis, 20 ga Maris

Ta cinye shafin tas. Mai Kati har da tafi. Ta ce ba ta taɓa ganin ci gaba irin wannan ba, yanzu sai bayan mako biyu za ta riƙa leƙowa, akwai waɗanda suka fi mu buƙata. Ta ce Malama ta riƙa fita tana ganin gari. Auta ta yi kuka a waya, na murna.

Da yarinyar ta tafi na ce, "Malama, yau kin fitar da mu kunya." Ta ce, "Aku ka samu, Tela. Sai ka saya masa keji."

Alhamis, 27 ga Maris

Ba ta taɓa kwalayen ba duk makon nan. Jaridu sun taru a kan kujera, ina kwance su ina naɗe wa masu ɗinki kayansu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na je sayen zare. Na dawo babu Malama, babu jakarta. Maƙwabciya ta ce ta ga ta nufi tasha, wai za ta gaida ƙanwarta. Ƙanwar ta ce ba ta gan ta ba.

Na bi tasha, na bi asibiti, na bi tsohuwar makarantarta. Ƙafata ta kumbura. Sai bayan la'asar wani mai shayi ya kira da wayarta, daga can ƙarshen gari inda motoci ke juyawa. Motar da ba tata ba ta hau. Sunan unguwar yana rubuce ɓaro-ɓaro a goshin motar, kuma ba ta tambayi kowa ba. Malama ba ta tambayar kwandasta abin da allo ya ce.

Na same ta a kan benci, takalmi ɗaya a hannu. Mai shayin ya ce tun azahar take kallon allon da ke tsallaken titi, leɓenta na motsi. A mota ta ce, "Na kamo gaɓar farko. Na jira a ƙarasa mini."

Alhamis, 3 ga Afrilu

Mai Kati ta zo. Ta ciro tsohon shafin. Malama ta ce, "'Yar nan, juya bayansa." Ta juya. Kalma biyu Malama ta iya karantawa a layin farko, gajeru. Yarinyar ta dube ni. Tarbiyya ta hana ta yi mini faɗa, ta ce kawai, "Baba, duk kalmar da ka ƙarasa mata, ka ɗauke mata ita ne. Wahalar nan da kake tausayinta, ita ce maganin."

Yarinyar da ba ta wuce sa'ar jikata ba. Na tashi na shiga gyaran wani wando da ba ya buƙatar gyara.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Auta ta iso. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ranar Asabar za su tafi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Da hantsi Malama ta jawo kwalayen da kanta, ta zube su a teburin yanka. Ina kafa kalmasar wani wando, allurai uku a tsakanin leɓena kamar yadda na saba. Ta jera gaɓa huɗu. Ta ce "ma." Ta ce "ka." Ta tsaya.

Kalmar ta taho mini har maƙogwaro. Na ji tsinin allura a leɓe. Ban cire ba.

Ta koma farko. Ta sake zubewa. Zufa ta tsattsafo mata a hanci. Auta ta leƙo daga kicin, na ɗaga mata hannu ta koma. Shayina ya huce, mai wandon ya zo ya yi sallama ya gaji ya tafi. Sai na ji a hankali, ɗinki bayan ɗinki, "ma-ka-ran-ta." Ta sake faɗa, a haɗe.

Ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Ashe kana iya shiru. Shekara nawa ina nema." Na ce "uhm," don allurai.

Kalma ɗaya ce. Ba za ta hana tafiya ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sun tafi da sassafe. Malama ta ɗauki kwalayen a jakar hannu. Ta ce can wa zai yanka mata sababbi, Auta ko almakashi ba ta iya riƙewa ba. Na ce su nemi tela, ai ba su ƙare a duniya ba.

Gidan ya yi faɗi. Na buɗe jarida na karanta da ƙarfi, babu wanda ya yi musu, na ajiye.

Na zuba wa keke mai, na lulluɓe shi da zane, don tsatsa kawai. Na mayar wa mutane ɗinkinsu, wanda aka gama da wanda ba a gama ba. Da na biya ta tasha na tambayi lokacin tashin motar garinsu, tambaya dai ba tafiya ba ce.

Almakashi da alli suna cikin jakata. Da kwalin allura, sabo.