Zinare Uku a Jikin Mamman Safiyo

Da sunan Allah. Ni Mamman Safiyo na Nasarawa GRA nake rubuta wannan zuwa ga 'ya'yana, Jibrin da Lawan. Hankalina garau yake, jiki ne kawai ya gaji.

1. Akwai ƙwayoyin zinare uku a jikina, kowacce kamar ƙwayar shinkafa. Likitocin ƙasar waje ne suka dasa su lokacin da Jibrin, da yake likita, ya kai ni binciken wata sabuwar hanyar gasa ciwon dajin mafitsara da hasken na'ura. Kullum sai na'ura ta ɗauki hoto ta gano su kafin ta saki haskenta, don kada ta ƙona inda ba ciwo. Na tambayi malamai, hankalina ya kwanta. Kada a tsaga ni, a binne ni da su.

Aikin ya burge ni. Shekara talatin na yi ina kafa alamar iyaka a filaye, tun itatuwan unguwar nan sun fi katangu yawa. Ashe ni ma za a kafa mini.

2. Lawan, ka ce zinare haramun ne ga namiji, kuma ɗan'uwanka ya mai da ubanku abin gwaji. Ni na sa hannu, da birona. Shekara bakwai ke nan ba ku ci a kwano ɗaya ba. Ina tuna ranar ƙaddamar da Shari'a, kuna riƙe da ni hagu da dama kada turmutsutsu ya kayar da ni. Wallahi na fi kewar ranar nan a kan lafiyata.

3. Jibrin, ka aika wa masu binciken fayil ɗina, har da ranar da na cika. Uban wani zai amfana.

4. Gida a raba yadda Allah ya ce, amma kada a sare mangwaron mahaifiyarku.

5. A ƙuguna akwai ɗigo uku baƙaƙe na saitin na'ura, ba sa fita. Ba na son baƙo ya gani ya yi ta zato. Don haka ku biyu za ku yi mini wanka, ba na uku. Lawan ya san hukuncin, Jibrin ya san jikin. Ɗaya ya zuba ruwa, ɗaya ya cuɗa. Na auna, ba mai iya juya ni shi kaɗai.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. In kun fito daga ɗakin wankan, ku fito tare, ku riƙe gidan nan tare.